Benen katako mai rawa: a zuba masa kankare, a ɗinke su, ko a rage tazara?

Duk wanda ya taɓa zama a benen katako ya san halinsa. Yaro ya ruga daga ƙofa zuwa taga, ruwan cikin kofi ya hau kaɗawa, faranti su yi ta ƙara a kabad, wanda ke ƙasa kuma ya ɗaga kai ya ga fanka tana jijjiga alhali ba a kunna ta ba. A Jos irin wannan daɓe bai ɓace ba. Akwai shi a wasu tsofaffin gine-gine tun na zamanin haƙar kuza, akwai shi a shagunan da aka raba tsayinsu biyu aka yi ofis ko ma'ajiyar kaya a sama, akwai shi kuma a gidajen da aka ƙara wa ɗaki da katako don ana tsoron tushen ginin ba zai ɗauki dekin ba.

Shawarar da mai gida ya fi ji daga bakin magini ita ce: "Alhaji, a zuba masa kankare inci biyu kawai, a bi da tayil, zai zauna daram." Wani lokaci maganar takan yi daidai. Wani lokaci kuwa gyaran gangar auzinawa ake yi: a kashe kuɗin siminti, a ƙara wa bango sama da tan biyu, daɓen ya koma wata rawar da ta fi ta da damun jiki. Bambancin ba a yawan siminti yake ba, ba kuma a kaurin rodi ba. Yana wurin da ido ba ya gani bayan an gama aiki, wato ko kankaren kwance kawai yake a kan katako, ko kuwa an ɗinke su sun zama abu guda.

A fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Daɓe zai iya ɗaukar kayan ɗaki da mutanensa lafiya lau, amma yana rawa. Gadar masu tafiya a ƙasa ta Millennium da ke Landan an buɗe ta a watan Yunin 2000, aka rufe bayan kwana biyu saboda tana kaɗawa da jama'a, ba don za ta karye ba. Sai da aka sa mata na'urorin shanye girgiza aka sake buɗe ta a 2002. Haka nan daɓe zai iya yin tsit alhali gara ta cinye bakin katakonsa a cikin bango. Rawa ba hujjar ruftawa ba ce, shiru kuma ba shaidar lafiya ba ne. Maganarmu a nan ta rawa ce, amma duk gyaran da ya ƙara nauyi ya shiga hurumin ƙarfin gini, kuma a can ba a yin ganganci.

Kowane daɓe yana da saurin kaɗawarsa na kansa. Ka tsaya a tsakiyarsa, ka ɗaga diddige ka sake shi da ƙarfi, zai yi sama da ƙasa sau kaza a cikin sakan guda kafin ya lafa. Wannan adadi shi injiniyoyi ke rubutawa da Hz. Abu uku ke yanke shi: taurin katakan gicciye da ke ɗauke da daɓen, nauyin da ke kansu, da tazarar da suka tsallaka daga bango zuwa bango. Tauri na ɗaga shi, nauyi na saukar da shi. Sai ka ninka tauri sau huɗu kafin saurin ya ninka biyu, in kuma nauyi ka ninka sau huɗu saurin ya faɗi zuwa rabi. Tazara ta fi su zafin hannu, don in ta ninka biyu sai sauri ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Mutum kan yi taku kamar 2 a sakan. Sai dai dukan da ƙafa ke yi wa daɓe yana ɗauke da ƙananan bugu a ninki biyu da uku da huɗu na wannan, wato wajen 4 da 6 da 8. In saurin daɓe ya faɗo cikin wannan zango, kowane taku yana zuwa ne daidai lokacin da zai ƙara wa na baya ƙarfi, kamar mai tura yaro a lilo: ba ƙarfin hannu ke kai shi sama ba, dacewar lokaci ce. Ga shi kuma jikin ɗan Adam ya fi jin girgizar sama da ƙasa tsakanin 4 zuwa 8 Hz. Shi ya sa ƙa'idar aikin katako ta Turai, Eurocode 5, ta ja layi a 8 Hz ga gidajen zama, ta ce duk daɓen da bai haye nan ba sai an yi masa bincike na musamman. Tamu ta Najeriya, NCP 2 ta 1973, ta jera ƙarfin itatuwanmu aji-aji, amma ta girmi waɗannan gwaje-gwajen girgiza, don haka injiniya mai kula yakan ari na Turai ya haɗa.

Haye 8 Hz kaɗai bai isa ba. Daɓen katako zalla yakan wuce nan cikin sauƙi, amma duk da haka yana rawa, saboda ba shi da nauyi kuma yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Don haka ake gwaji na biyu: a ɗora nauyin kusan kilo 100 a wuri guda a tsakiya, a auna lotsawa. Birtaniya ta sa iyaka milimita 1.8 ga tazarar da ba ta wuce mita 4 ba, ta ƙara tsauri ga wadda ta wuce. Wannan gwaji kowa zai iya yi a gidansa. Buhun siminti biyu ne kilo 100. Ka kafa sanda daga ƙasa ta kusa taɓa katakon gicciye na tsakiya, ka yi alama da fensir, a ɗora buhunan ɗaya kan ɗaya, ka sake yin alama. Abu na uku shi ne saurin mutuwar girgiza bayan an buga. Eurocode 5 kan sa ma'aunin wannan a kashi 1 cikin 100 kacal in ba a auna ba, daɓen da aka gama da silin da kayan ɗaki kuwa yakan nuna fiye da haka.

Bari mu ɗauki ɗaki guda mu gwada duk hanyoyin a kansa. Lissafin nawa ne, don kwatance na yi shi, ba zanen da za a miƙa wa kafinta ba ne. Falo mai mita 4.5 a mita 4, katakan gicciye inci 2 a inci 8 na itace mai matsakaicin tauri irin loko, an jera su kowane santimita 40, sun tsallaka mita 4.5, an rufe da falanki mai kaurin inci 1, da silin a ƙasa. Nauyin duka wajen kilo 40 ne a kowace murabba'in mita. Saurin kaɗawarsa ya kai 11 Hz, ya haye layi. Amma da buhu biyun nan zai lotsa milimita 2 zuwa 3, nesa da abin da ake so. Irin daɓen da ake kuka da shi ke nan: rawa mai sauri, ƙarar kwanuka, jin kamar ƙasa na bin ƙafarka. Wanda ya yi amfani da inci 2 a inci 6 mai tsawon ƙafa 12, wanda shi aka fi samu a Kasuwar Katako ta Jos, a ɗakin da faɗinsa ya cinye tsawon, lissafinsa kusan nan zai faɗo.

Yanzu a bi shawarar magini, a zuba kankare santimita 5 haka nan a kai. Kankare na da nauyin kilo 2,400 a kowace kubik mita (mita guda a tsawo da faɗi da zurfi), don haka santimita 5 ya ba da kilo 120 a murabba'in mita. Nauyin daɓe ya tashi daga 40 zuwa 160, ninki huɗu cif, kuma a falonmu kilo 2,160 ke nan kafin tayil. Me tauri ya ƙaru da shi? Kaɗan. Kankare ya fi katako tauri wajen sau uku, amma siriri ne, kuma yana lanƙwasa ne shi kaɗai yana zamewa a kan falanki. In bai tsage ba zai ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku, in ya tsage kuwa kusan babu. Saurin kaɗawa ya sauko daga 11 zuwa tsakanin 5.5 da 6.5 Hz, tsakiyar zangon da taku ke cafkewa kuma jiki ya fi ji.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne a makon farko daɓen yakan yi kamar ya warke. Ƙarar faranti ta tafi, ƙafa ba ta jin lotsawa, domin nauyi yana danne bugu guda ɗaya, kankaren kuma yana raba nauyin ƙafa ga katakai da dama. Sai ranar da mutum ya ratsa falon da sauri, ko yara suka hau tsalle tare, a ji duk daɓen ya ɗauki wata kaɗawa a hankali mai nauyi, wadda wanda ke zaune a kujera ke ji har cikinsa. Ban da wannan, ɗanyen kankaren tun ranar zubi zai lanƙwasa katakan da kusan milimita 8 a tsakiya, kuma katako in ya daɗe ɗauke da kaya yana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. Tayil ba ya jure haka. Tsagewar farko a tsakiyar ɗaki takan fito, ta bi layin da ya fi lotsawa.

Ba zan ce wannan hanya ba ta da wurinta ba. In tazara gajeriya ce, kamar mita 3 da katakai irin na misalinmu, ko an zuba kankare haka nan saurin zai tsaya sama da 12 Hz, kuma mai gida zai ci ribar nauyi ba tare da ya faɗa zangon haɗari ba. Da waɗannan katakai iyakar tana wajen mita 4. Magabatanmu ma sun san wannan a aikace. Wanda ya shiga gidan adana gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihi na Jos ya ɗaga kai a cikin kwafin masallacin Zariya zai ga yadda ake ɗora ƙasa mai nauyi a kan azara, amma ba a barin azarar ta tsallaka tazara mai tsawo ita kaɗai. Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, da ginshiƙai ne ke yanka tazarar gunduwa-gunduwa. Nauyi mai yawa, tazara kaɗan. Kuskurenmu yau shi ne mu ɗauki nauyin mu bar tazarar yadda take.

Hanya ta biyu kayanta kusan ɗaya ne da ta farko, amma aikinta daban ne ƙwarai. Ka ɗora falanki biyu ɗaya kan ɗaya ka taka, za ka ga bakinsu yana zamewa, taurinsu ninki biyu ne kawai na guda ɗaya. Ka manne su yadda ba za su zame ba, taurin ya koma ninki takwas. Wannan shi ne sirrin ɗinke kankare da katako. In aka hana zamewa, kankaren da ke sama ya ɗauki matsi, wanda shi ne abin da ya fi iyawa, katakon da ke ƙasa ya ɗauki ja, wanda shi ma nan ne gwanintarsa. Dabarar ba sabuwa ba ce. An yi mata rajista a Jamus tun shekarun 1920, kuma Turawa sun daɗe suna gyara tsofaffin benayensu da ita. A 2021 aka fitar mata da takardar ƙa'ida ta kanta a Turai, CEN/TS 19103.

A falonmu, in aka ɗinke da sukuru masu kyau kowane santimita 15, tauri zai ninka wajen sau biyar. Nauyi ninki huɗu, tauri ninki biyar, saurin kaɗawa ya tsaya wajen 12 Hz. Wani zai ce ashe bai fi na katako zalla da komai ba, 11 da 12. A lamba haka ne, a ƙafa kuwa sama da ƙasa ne. Buhu biyun nan ba za su lotsa shi ko milimita 1 ba, kuma bugun diddige yanzu yana ƙoƙarin motsa abin da ya ninka nauyi huɗu. An sami amfanin nauyi ba a biya da faɗuwar sauri ba. Ga ƙarin alheri biyu: maganar mutane da sautin talabijin ba sa ratsa daɓe mai nauyi kamar da, kuma in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, shimfiɗar kankare tana tare wuta da hayaƙi tsakanin hawa biyu fiye da falanki. Ƙarar takalmi a kan tayil ce kawai ba ta tafiya sai an sa shimfiɗa mai laushi tsakani.

Duk wannan ya rataya ne a kan ɗinkin, kuma a nan ne nake so mai gida ya tsaya da ƙafarsa ranar aiki. Ana fara tokare katakan daga ƙasa da gora ko ƙarfe, don kada su lanƙwasa da ɗanyen kankare ya daskare a lanƙwashe. A shimfiɗa leda mai kauri a kan falanki, a naɗe gefenta ta hau bango, don ruwan siminti kada ya shiga itace. Sannan a ɗaura dogayen sukuru ta cikin leda da falanki har su nutse sosai cikin katakon gicciye, a bar kansu a tsaye kamar santimita 3 don kankare ya kama. Ba a miƙe ake ɗaura su ba. A karkace ake yi, wajen digiri 45, kan yana jingine wajen bangon da ya fi kusa, tsinin yana kallon tsakiyar ɗaki, domin a haka zamewar kankare jan sukurun take yi a tsawonsa, ba lanƙwasa shi ba, kuma ya fi tauri nesa. A matso da su kusa da juna a wajen bango, a sassauta a tsakiya, don a bakin bango ne zamewa ta fi ƙarfi. Mutane da yawa sukan zaci akasin haka, su cika tsakiya.

Inda sukuru irin wannan ya yi wuyar samu, akwai madadi: a huda katako a dasa guntayen rodi da gam mai ƙarfi irin na epoxy, ko a sassaƙa gurabe a saman katako mai kauri kankare ya shiga ya zama makulli. Sassaƙa ta fi duka tauri, amma tana cin jikin katako, ba a yi wa inci 2 a inci 6. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne ƙusa inci huɗu da kafinta zai bi ya kakkafa a miƙe ya ce an ɗinke. Siririya ce, tana lanƙwasa, tana sassautawa a raminta da zarar itace ya bushe. Za ta ba da wani abu, amma mai gida zai biya kuɗin hanya ta biyu ya tashi da abin da ya fi kusa da ta farko.

Sai maganar rodi, wadda ake yawan ɓarnar kuɗi a kanta. Na sha jin ana cewa a sa rodi mai milimita 12 ko 16 a cikin shimfiɗar don ta hana rawa. Ba ta hanawa. A kankaren da ba a ɗinke ba, rodin da ke tsakiyar kaurin santimita 5 yana zaune ne daidai inda babu ja babu matsi, kusan ba ya aikin komai sai bayan an tsage. A wanda aka ɗinke kuwa kankaren matsi yake ɗauka, katako ne ke yin aikin da rodi ke yi a dekin. Abin da ake bukata ragar waya ce da ake kira BRC, irin A142 mai waya milimita 6 kowane santimita 20, a ɗora ta kan biskit, wato 'yan guntayen siminti da ke ɗaga ta, don kada ta kwanta a leda. Aikinta ta riƙe tsagewar bushewa, ta raba nauyi gefe da gefe, ta kuma hana kankare farfashewa a kewayen kan sukuru. Kuɗin da za a sa a rodi mai kauri gara a sa shi a sukuru.

Shi kansa kankaren a yi shi da ƙaramar tsakuwa, rabin inci, da siminti isasshe, kamar buhu 7 ga falonmu, kada a cika ruwa. Na yi lissafi da santimita 5 ne don kwatancen ya zo daidai, amma in bango zai ɗauka, 6 ko 7 ya fi rufe raga da kan sukuru. A riƙa jiƙa shi mako guda aƙalla, musamman da hunturu, lokacin da iskar Jos ke shanye danshi kafin siminti ya gama kamawa. Tokari kuma kada a yi gaggawar cire shi, kankare sai kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: a san inda yashi ya fito. Tarin yashin da aka bari a wuraren wankin kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan fiye da na yashin rafi, bai kamata ya shiga daɓen ɗakin kwana ba komai arharsa.

Babban abokin gabar wannan hanya danshi ne. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, damina takan ɗauke ta daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan hunturu ya busar da komai ƙayau. Katako yana kumbura yana motsewa da wannan sauyi, a faɗinsa da kaurinsa, ba a tsawonsa ba. In aka ɗinke ɗanyen katako da aka sauke daga mota jiya, kafin hunturu biyu zai motse ya bar rata tsakaninsa da falanki, sukurun su koma suna tsallaka iska, tauri ya zube. Danshin katako ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin a taɓa shi, akwai ƙaramar na'urar aunawa mai tsini biyu. Bayan an rufe sama da leda da kankare, ta ƙasa kaɗai itacen zai sha iska, don haka a bar wa silin hanyar iska da ƙofar leƙawa. A ban-ɗaki da kicin, inda bututu kan yi yoyo a ɓoye, ni ba na ba da shawarar wannan hanya sam.

Hanya ta uku ba siminti a cikinta, kuma ita nake so a fara dubawa duk da ita aka fi mantawa. A yanka tazara. In aka gicciya bim na ƙarfe ko na katako mai kauri a ƙarƙashin tsakiyar falonmu, katakan da ke tsallaka mita 4.5 suka koma 2.25, saurin kaɗawarsu ya ninka huɗu, lotsawarsu a ƙarƙashin ƙafa ta ragu sau takwas, matuƙar shi bim ɗin mai tauri ne kuma ya zauna a kan abin da zai ɗauke shi. Babu kankaren da zai ba ka wannan, kuma nauyin da aka ƙara bai kai na buhunan siminti kaɗan ba. In ƙasa shago ne ko gareji, fila guda a tsakiya ba za ta dami kowa ba.

In bim ba zai yiwu ba, a ƙara wa kowane katako ɗan'uwa a gefensa a ɗaure su da noti, tauri ya ninka biyu. A sabon aiki kuwa zurfi za a ƙara: daga inci 8 zuwa inci 10 kusan ninki biyu ne shi ma, da ƙarin itace kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Wannan lissafi yana cizo ta baya. Katakon da ake kira inci 8 a kasuwa in ka sa awo ka tarar santimita 18.5 ne maimakon 20, ka rasa kashi ɗaya cikin biyar na tauri tun kafin kafinta ya ɗaga guduma. A je Kasuwar Katako ko ta Bukuru da awo a aljihu. Irin itacen ma da bambanci: kawo ya fi loko tauri, obeche kuwa bai wuce rabi da wani abu na loko ba, na silin ne da ƙofa, ba na ɗaukar bene ba. Sai ƙananan gyare-gyare masu arha: guntayen katako da ake cusawa tsakanin gicciye da gicciye don su riƙe juna, da filawud mai kauri da aka manna da gam aka bi da sukuru a kan falanki. Raunin wannan hanya shi ne daɓen yana nan marar nauyi. Rawa za ta tafi, amma na ƙasa zai ci gaba da jin taku da magana, kuma tayil kai-tsaye a kan katako ba ya daɗewa.

Dekin cikakke ba ya bukatar dogon bayani, kowa ya san shi. Santimita 15 na kankare kilo 360 ne a murabba'in mita, tan shida da rabi a falonmu, ninki tara na daɓen katakon da za a cire. A sabon gini mai fila da bim da tushe da aka zana dominsa, shi ne ya fi sauƙin samun ma'aikata kuma ba ruwansa da gara. A tsohon gini kuwa tambayar ita ce wa zai ɗauka. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Jos bulon ƙasa ne aka shafe da siminti, wasu kuma bulo inci shida ne ba fila. Garin nan bai manta da watan Yulin 2024 ba, lokacin da benen wata makaranta ya rufta a Busa Buji aka rasa rayuka 22, akasarinsu ɗalibai. Duk aikin da zai ƙara tan ko da biyu a sama, ko shimfiɗa ce ko dekin, injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya duba bango da tushe tukuna, a kuma bi ta hukumar raya birnin Jos, JMDB, in aikin ya shafi sauya tsarin gini.

To wanne za a zaɓa? In ni ne, silin zan fara buɗewa in soka sukudireba a bakin kowane katako inda ya shiga bango. In ta nutse, maganar rawa ta ƙare, ta canjin katako ce ta zo, kuma ba a zuba komai a kan ruɓaɓɓen itace. In itace lafiya yake, kuma akwai hanyar sa bim, a sa bim a huta: ya fi arha, ana gamawa cikin 'yan kwanaki, ba sai an kwashe ɗaki ba, kuma mai haya a shago zai iya kwance abinsa. In ƙasa falo ne da ba a son fila ko bim ya rage masa tsayi, ana kuma son tayil da shiru tsakanin sama da ƙasa, bango kuma an tabbatar zai ɗauka, to a ɗinke kankare da katako, a yi shi da zanen injiniya wanda ya faɗi irin sukuru da tsawonsu da tazararsu. A tuna daɓe zai tashi santimita 7 ko 8 har da tayil, sai an rage ƙofofi, kuma matakalar ƙarshe za ta fi sauran tsawo in ba a gyara ta ba, a nan tsofaffi ke tuntuɓe. Zuba kankare haka nan kuwa a bar shi ga ƙananan ɗakuna masu gajeriyar tazara da katakai masu zurfi, shi ma bayan an yi lissafi.

Kowace hanya aka bi, kada a gina bangon bulo a kan daɓen, kada a ɗora tankin ruwa, kuma mai shago ya jera buhuna da kwalaye a gefen bango, ba a tsakiya ba. Nauyin kaya yana saukar da saurin kaɗawa daidai yadda kankare marar ɗinki ke yi, lita 500 ta ruwa kuwa rabin tan ce a kan wurin da bai kai murabba'in mita guda ba.